Ɗalibai 46, kwamfuta 12 da kwalin littattafan yara: ta ina zan fara?

Malamar Aji Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni daɗewa a wannan aiki.

Turanci nake koyarwa a aji biyu na ƙaramar sakandare. Ɗalibaina 46 ne, 'yan shekara 12 zuwa 14, kuma babu wanda ake Turanci a gidansu. In na tambaye su mene ne suna, mene ne aikatau, baki ɗaya za su rera min ma'anar ba gargada. Amma in na miƙa wa yaro sakin layi guda daga littafin aji na ce ya karanta ya gaya min abin da ya faru, sai ya karanta tiryan-tiryan har ya kai aya, sannan ya ɗago ya zuba min ido. Baki ya karanta, kai bai ɗauki komai ba. A ƙiyasina kashi ɗaya cikin uku na ajin ne kawai ke iya bin littafin da aka tsara musu. Sauran kwafar allo suke yi, da kyakkyawan rubutu kuwa.

A wannan zangon abubuwa biyu suka faɗo hannuna. An ba ajina ɗakin kwamfuta sau biyu a mako, minti 40 kowane zama. Kwamfuta 12 ne ke aiki, akwai majigi ɗaya da lasifika, intanet kuwa yau akwai gobe babu. Sannan na samu kwali guda na littattafan labarin yara na Turanci, irin masu manyan hotuna da jimla biyu ko uku a shafi.

Da na kai littattafan aji, yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba sun fahimci labarin, har suna musu a kan ko zomon da ke ciki ya kyauta ko bai kyauta ba. Amma manyan samarin da ke zama a baya suka ce ai wannan littafin 'yan nazare ne, ɗaya ma ya ture nasa gefe ya kifa kai a tebur. Kuma ban ga laifinsa sosai ba. Labarin ɗan agwagwa da ya ɓata bai dace da mai shekara 14 ba. Sai dai Turancin da ke ciki shi ne daidai ƙarfinsa. Littafin da ya dace da shekarunsa ya fi ƙarfin Turancinsa, wanda ya dace da Turancinsa kuma ya yi wa shekarunsa kaɗan. Nan na maƙale.

Kwamfutocin ma da tasu matsalar. Abin da na tarar a cikinsu wata manhaja ce ta cike gurbi: jimla, gurbi, zaɓi huɗu, in ka dace ta yi maka tafi. Yara suna son ta. Amma da na tsaya a bayansu na lura dannawa kawai suke yi ɗaya bayan ɗaya har tafin ya fito, ko jimlar ba sa karantawa. Shugabar makaranta kuwa in ta leƙo ta ga kowa ya nutsu a gaban kwamfuta sai ta ji daɗi.

To yaya zan yi da littattafan nan ba tare da manyan yaran sun ji an rena su ba? Wane aiki ya kamata in ba kwamfuta wanda littafin takarda ba zai iya ba? Kuma in na cinye lokaci a kan labarai, nahawun da zai fito a jarrabawa fa? Na gode.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya yi wa aikinki albarka, 'yata. Na ajiye alli da daɗewa, amma wannan ciwon na san shi.

In da zan zaɓar miki tsakanin kwalin nan da ɗakin kwamfutar, kwalin zan ɗauka ba tare da na waiwaya ba. Dalilina kuwa ba ra'ayin tsufa ba ne kawai. A farkon shekarun 1980 wasu masu bincike biyu, Warwick Elley da Francis Mangubhai, sun shiga makarantun karkara a tsibiran Fiji, inda yara ke koyon Turanci a matsayin harshe na biyu. Suka ɗauki 'yan aji huɗu da biyar na firamare su 380, suka zuba musu littattafan labari 250 masu jan hankali. Wasu azuzuwan malami ne ke karanta littafin tare da yara ana tattaunawa, wasu kuma yara ke karatun zuci da kansu, na ɗan lokaci kowace rana, a madadin wani ɓangare na darasin da aka saba. Aka bar wasu azuzuwan a kan tsohon tsari na maimaita jimloli. Bayan wata 8, yaran da aka zuba wa littattafai sun ninka saurin ci gaban da aka saba gani a fahimtar karatu da ta sauraro. Bayan wata 20 tazarar ta ƙaru, ta kuma bazu zuwa sauran sassan harshe, har da rubutu da ginin jimla. An buga sakamakon a 1983. Ko kwamfuta ɗaya babu a cikin wannan aiki.

Ki ajiye wannan kusa da abin da ya faru a Peru. Gwamnati ta raba wa yaran firamare ƙananan kwamfutoci ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa. Aka bibiyi makarantun karkara 319, rahoton ya fito a 2012. Yaran sun iya sarrafa na'urar, babu shakka, amma makinsu a lissafi da harshe bai motsa ba. Wato abin da kika gani da idonki a bayan masu danna zaɓi huɗu, an gan shi a ƙasa guda.

Sai batun yaron da ke karantawa bai fahimta. Ba daƙiƙi ba ne, lissafi ne ya hau kansa. Paul Nation, masanin koyon kalmomi daga New Zealand, da abokan aikinsa sun nuna cewa kafin mai koyo ya karanta labari shi kaɗai cikin jin daɗi, sai ya san wajen kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafin. Kalma ɗaya baƙuwa cikin 50 ke nan. In ya sauko kashi 90, kalma ɗaya ce cikin kowace 10, kusan kowane layi akwai rami. Ki ɗauki littafin ajinki, ki ba ɗaya daga cikin masu kwafar allo fensir ya ja layi ƙarƙashin duk kalmar da bai sani ba a shafi guda, ki ƙirga. Za ki daina mamaki. Littattafan kwalin nan kuwa sun faɗo cikin kashi 98 ɗin, shi ya sa bakin yaranki ya buɗe.

Game da samarin baya, akwai littattafan da aka yi domin irinsu tun tuni. Labarin manya ne, na bincike, na kasada, na wasanni, na tarihin mutane, amma an rubuta shi da ƙididdigaggun kalmomi, mataki-mataki. Michael West ya fara irin wannan aiki tun shekarun 1920 a yankin Bengal na Indiya ta wancan zamani, kuma shi ne ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 mafi amfani a Turanci a 1953. A jerin Oxford Bookworms, misali, matakin farawa kalmomi 250 ne, na ɗaya 400, na biyu 700, har zuwa na shida mai 2,500. Bangon littafin bai yi kama da na 'yan nazare ba, yaro zai iya riƙe shi a gaban abokansa ba kunya. In makarantarki za ta saya miki wani abu, wannan za ki roƙa, ko da kwafi ɗaɗɗaya ne daga labarai daban-daban. Gara labari 30 kwafi ɗaya-ɗaya da labari ɗaya kwafi 30.

Ki kuma koya musu gwajin yatsu biyar. Yaro ya buɗe tsakiyar littafi, ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa. In hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare, ya mayar ya ɗauki wani. In ya fara littafi bai yi masa daɗi ba, ya ajiye, kada ki tilasta masa ya gama. Mu da muka karantar a da, a nan muka fi takura wa yara.

Malamin Kwamfuta ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, da tsohuwar zuma ake magani. Ban ja da ko ɗaya daga cikin abin da ka kawo ba. Amma ka ba ni dama in kare kwamfutocin nan kaɗan, don Malama ba zaɓi aka ba ta ba, duka biyun suna hannunta.

Darasin Peru a fahimtata shi ne, in ka ajiye na'ura ka tafi, ba abin da za ta yi. Bai ce na'ura ba ta da amfani a hannun malamar da ta san abin da take so ba. Kuma akwai abu biyu da kwalin Malama ba zai iya ba.

Na farko, kwalin zai ƙare. Su na Fiji littafi 250 suka zuba. Yara 46 in suka kama karatu da gaske, kafin zango ya raba sun cinye kwali guda. A nan kwamfuta ke shigowa. Akwai African Storybook, na wata ƙungiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide, wanda ya fara a 2014, da StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya, wanda ya fara a 2015. Dubban labaran yara ne masu hotuna, an jera su mataki-mataki, kyauta, kuma lasisinsu ya halatta a sauke, a buga, a fassara, har a sauya labarin muddin an ambaci masu shi. Da yawa akwai su a harsuna fiye da ɗaya, har da Hausa. Ranar da intanet ta zo, Malama, ki zauna ki sauke abin da ya samu, ki zuba a filas, ki kwafa a kowace kwamfuta cikin jaka uku ko huɗu bisa mataki. Daga nan ko intanet ta yi wata ba ta dawo ba, ba ruwanki. Kada dai ki sa wa jakunkunan suna mai sauƙi da mai wuya. Ki sa launi, ja, kore, shuɗi. Yara za su gane, amma ba a rubuta wa kowa a goshi ba.

Gargaɗi ɗaya: wani zai ce miki ki je shafin intanet na Project Gutenberg, akwai littattafan yara kyauta. Akwai su, amma galibi tsofaffi ne da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, na ƙarni na 19 da farkon na 20. An rubuta su don yaran Ingila da Amurka na wancan zamani, Turancinsu ya fi na littafin ajinki tsauri nesa ba kusa ba. In kina shakkar wani rubutu, akwai shafin Lextutor na Tom Cobb. Ki liƙa rubutun a sashen auna kalmomi, zai nuna miki kashi nawa ne daga kalmomi 1,000 na farko mafi yawan amfani, nawa daga na biyu, nawa suka fita waje.

Na biyu, murya. Rubutun Turanci ba ya gaya wa yaro yadda za a furta shi. Ki dubi though, through, tough da thought: haruffa huɗu iri ɗaya a ciki, furuci huɗu daban. Yaron da ke karatun zuci shi kaɗai zai ƙirƙiro nasa furucin ya riƙe shi shekaru. In yana bin rubutu da ido yana jin ana karantawa a kunnensa, yana ɗaukar furuci, yana kuma jin inda ake tsayawa da inda ake haɗe kalmomi, wanda shi ne ainihin abin da mai karatun tiryan-tiryan ya rasa. Malama ɗaya ba za ta karanta wa yara 46 littafi 46 ba. Kwamfuta za ta iya, kuma yaro zai mayar da jimla baya sau nawa ya ga dama ba mai yi masa dariya. Wasu labaran StoryWeaver suna da murya a haɗe. Waɗanda ba su da ita, ki naɗa da taki a manhajar naɗar murya ta Audacity, kyauta ce, ba ta buƙatar intanet.

Amma ki guji littattafan kwamfuta masu tarkace, irin waɗanda in ka danna kare ya yi haushi, in ka danna bishiya tsuntsu ya tashi, ga wasa a tsakiyar labari. Masu bincike a Jami'ar Leiden ta Holan, Takacs da Swart da Bus, sun tattara nazari sama da 40 a 2015. Suka ga hoto mai motsi da sauti da suka dace da abin da labarin ke faɗa suna taimakawa, amma wuraren dannawa da wasanni suna ɗauke hankalin yaro daga labarin. A kan ƙananan yara aka yi, amma ban ga dalilin da zai sa ɗan shekara 13 ya fi su juriya ba.

Tsarin zama kuwa, kada ki cusa yara huɗu a kwamfuta ɗaya, mai ƙarfi ne zai riƙe linzami sauran su zama 'yan kallo. Ki raba ajin biyu. Yara 24 su hau kwamfuta bibbiyu da abin sauraro na kunne mai reshe biyu, 22 su zauna da littattafan kwali tare da ke. Zama na gaba a yi musanya. Minti 10 na farko kuma ki haska labari ɗaya a majigi ki karanta wa kowa, ki tsaya kafin ƙarshe ki tambaye su me suke jin zai faru. Manhajar tafin nan, ki cire ta daga fuskar kwamfutar kawai, ba sai an yi faɗa ba.

Maman Biyu ta amsa:

Ni ba malama ba ce, uwa ce, ku yi haƙuri da shigowata. Babban ɗana shekararsa 13, kuma da a ajinki yake, Malama, da shi ne mai kifa kai a tebur. Ba ƙin karatu yake yi ba, tsoron abokansa yake ji. A gida in ƙanwarsa 'yar shekara 6 ta kawo littafinta mai hotuna ta ce Yaya karanta min, sai ya gyara zama ya karanta mata har da sauya murya, ya yi muryar kura daban ta akuya daban. In ya ci karo da kalmar da bai sani ba sai ya tsallake da dabara, daga baya in gan shi yana dubawa a ƙamus a ɓoye, don kada gobe ta sake kawowa ya ji kunya. Littafin da zai jefar in an ce nasa ne, shi yake karantawa sau uku in an ce na ƙanwarsa ne. Ban san yadda za a mayar da wannan darasi a aji ba, ku ne masana. Na dai ga ya kamata in faɗa.

Malama Mai Jan Biro ta amsa:

Maman Biyu, ai ke kika kawo amsar, kuma ana mayar da shi darasi. Ni ma ƙaramar sakandare nake, kuma da wannan hanyar nake bi da manyan yarana.

Yar'uwa Malamar Aji Biyu, kada ki ce musu ga littafin da za ku karanta. Ki ce musu 'yan aji biyu na firamare suna buƙatar littattafai masu murya, ajinku aka ba aikin. Kuma ya zama gaskiya, ki nemi malamar firamare ku yi magana, don yara suna gane aikin ƙarya da wuri. Kowane rukuni na mutum uku ko huɗu su zaɓi littafi ɗaya daga kwalin. Su ne alƙalai: wanne ne ƙananan za su so, wanne ne zai gundure su? Kafin su yanke hukunci sai sun karanta biyar ko shida, ba wanda ya ce musu karatu suke yi. Sannan su raba muryoyi, su yi atisaye, su naɗa, su saurara. A nan abin mamakin yake. Yaron da in kin ce ya sake karanta sakin layi zai ɓata rai, da kansa zai ce a goge a sake, don ya ji muryarsa tana tuntuɓe. Maimaita karatun rubutu ɗaya sananniyar hanya ce ta sa karatu ya yi santsi, matsalar kullum ita ce samun dalilin da zai sa yaro ya yarda ya maimaita. Naɗar murya ta ba shi dalilin. Kuma wanda ya fi kowa iya muryar mugu a labari, sau da yawa daga kujerun baya yake fitowa.

Bayan sun ƙware a wannan, sai su rubuta nasu. Akwai manhajar haɗa littafi ta Bloom, ta ƙungiyar nazarin harsuna mai suna SIL, kyauta, tana aiki ba intanet. Hoto a sama, rubutu a ƙasa, ana iya naɗa murya jimla-jimla, a kuma buga shi ɗan littafi. Sharaɗina shi ne ba mai taɓa kwamfuta sai labarinsa ya kammala a takarda, shafi 8, jimla biyu ko uku a shafi, na gani na sa hannu. In ba haka ba minti 40 ɗin za su tafi wajen zaɓar launin haruffa. Rubuta wa ƙananan yara ma yana da wata fa'ida: yana hana su kwaso manyan kalmomin da ba su san ma'anarsu ba don burge malama. Dole jimla ta zama gajera, a fili.

Wani abin da ke karɓuwa wurin manya shi ne littafin da ba rubutu ko kaɗan, hotuna zalla. The Arrival na Shaun Tan, wanda ya fito a 2006, labarin mutumin da ya bar iyalinsa ya yi hijira zuwa baƙuwar ƙasa ne, kuma ba wanda zai kalli zanensa ya ce na 'yan nazare ne. A nuna shafi, kowa ya rubuta abin da ya gani daidai ƙarfinsa. Mai rauni ya rubuta jimla uku, mai ƙarfi ya cika shafi, duk a kan hoto ɗaya.

Sai nahawu, kuma a nan na ɗan saɓa da masu cewa karatu kaɗai ya isa. Masanin koyon harshe Stephen Krashen ya daɗe yana cewa harshe yana shiga ne ta hanyar ji da karanta abin da ake fahimta, kuma akwai gaskiya babba a ciki. Amma yaranmu jarrabawa ke gabansu, sa'o'in Turancinsu kuma kaɗan ne. Shi Nation ɗin da Baba ya ambata ma kashi huɗu ya raba lokacin koyon harshe, kusan daidai wa daida: ji da karatu don ma'ana, magana da rubutu don isar da ma'ana, nazarin harshen kansa, da atisayen sauri a kan abin da aka riga aka sani. Wato nahawu yana da rubu'insa, rubu'i dai, ba duka ba. Abin da nake yi shi ne in ciro shi daga labarin da suka riga suka fahimta. Kusan duk labari da shuɗaɗɗen lokaci ake ba da shi. In ce su farauto duk aikatau da ke shafi uku, su ware masu ƙarewa da -ed da waɗanda suka bauɗe irin went, saw, took. Alamomin zance, yadda ake mayar da magana kai tsaye zuwa rahoto, sifa, duk suna nan cikin labarin ɗan agwagwan. Shifta ma daga ciki nake ɗaukowa. Ki ɗauki manhajar karatun zangon, ki rubuta sunan labari a gefen kowane batu, ki kai wa shugabarki. In ta ga ba abin da aka tsallake, hankalinta zai kwanta.

Malamar Aji Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maman Biyu, Allah ya raya miki su. Akwai firamare a harabarmu, don haka batun naɗar murya mai yiwuwa ne, zan fara da shi. Raba aji biyun ma ya kwanta min.

Saura abu biyu. Baba, ta yaya zan san sun karanta da gaske in ban ba su tambayoyin auna fahimta bayan kowane littafi ba? Ina tsoron wasu su riƙa buɗe shafuka kawai. Sannan Malamin Kwamfuta, labaran da zan sauke, in bar su a kwamfuta ne ko in yi ta faman bugawa a takarda? Na sha jin ana cewa karatu a kwamfuta ba ya zama a kai.

Malamin Kwamfuta ya amsa:

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, Malama, amma ba duka ba. Pablo Delgado da abokan aikinsa a Sifaniya sun tattara nazari 54 a 2018, suka ga takarda ta ɗan fi kwamfuta wajen fahimta, musamman in rubutun na bayani ne ko kuma an ƙayyade lokaci. A kan labari zalla ba su ga bambancin ba. To ke labari za ki ba su. Ki bar yawancin a kwamfuta. Waɗanda kika ga yara suna rububinsu, su za ki buga, ko baƙi da fari ne, a ninke a ɗinke, don a tafi da su gida. Zama biyu a mako ya yi kaɗan, sai an haɗa da karatun gida.

Tsohon Malami ya amsa:

'Yata, in kika ɗora tambaya goma a bayan kowane littafi, cikin mako biyu za su koma neman amsa a shafi maimakon bin labari, kuma za su riƙa zaɓar mafi gajarta. Ki ba kowa kati ɗaya: sunan littafi, rana, da maki daga 1 zuwa 5 na yadda ya ji daɗinsa. Shi ke ba littafin maki, ba ke ke ba shi ba. Yayin da suke karatu ki zaga, ki tsuguna kusa da yara huɗu ko biyar a kowane zama, ki tambaya a hankali: wa ka fi jin haushi a labarin nan, me ya sa? Wanda bai karanta ba ba zai iya ƙirƙirar amsar wannan ba. In ya amsa da harshen gida a farko, ki karɓa, fahimtar kike nema, sannan ki taya shi mayar da jimla ɗaya Turanci. A haka kafin mako biyar ko shida kin zaga ajin duka.

In kina son abin nuna wa shugabarki, ki zaɓi sakin layi ɗaya mai sauƙi yanzu, kowane yaro ya karanta miki na minti ɗaya, ki rubuta kalma nawa ya karanta daidai, ki yi masa tambaya biyu a kai. Ƙarshen zango ki maimaita da wani sakin layin mai irin nauyinsa. Tunda Malamin Kwamfuta ya koya miki naɗar murya, ki naɗi duka biyun ki ajiye, yaron ma ki ba shi ya saurara. Za a samu biyu ko uku da za su yi ta buɗe shafuka duk da haka. Su ki zaunar kusa da ke a rukunin takarda, ki fara karanta musu shafi biyun farko da bakinki, sannan ki miƙa musu littafin.